Abin da ke hana ɗalibai buɗe mujallun da jami'arsu ta biya wa kuɗi, da yadda za a magance shi

Duk wanda ya rubuta kundin digiri a 'yan shekarun nan ya san wannan takaici. Ɗalibi zai shafe sa'o'i yana lalube a intanet har ya ci karo da maƙalar da ta dace da bincikensa, ya karanta taƙaitaccen bayanin da ke samanta, ya tabbatar ita yake nema. Da ya latsa domin sauke ta, sai shafin ya ce sai ya biya dala 30 ko 40 kafin ya ga sauran.

Daga nan kowa kan kama gabansa. Wani ya haƙura, ya kafa hujja da taƙaitaccen bayanin kamar ya karanta maƙalar gaba ɗaya, abin da kan tona masa asiri ranar kare kundi. Wani ya biya masu shagon kwamfuta su nemo masa. Wani kuma ya faɗa shafukan da ke rarraba maƙalun sata. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, sau tari jami'arsu ta riga ta biya kuɗin mujallar, ko tana cikin wani shiri da ya ba ta damar karanta ta. Shafin ne bai gane cewa mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗan gida ne ba, shi ya sa ya nemi kuɗi. Da ma Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Tsakanin ɗalibi da maƙala akwai matakai huɗu: hanyar sadarwar da yake kai, shaidar da ke nuna shi ɗan jami'ar ne, na'urar da ke hannunsa, da yarjejeniyar da ɗakin karatu ya ƙulla da kamfanin wallafa. Wanda ya gano matakin da ya samu cikas ya ci rabin aikin.

Yadda kamfanin wallafa ke gane mai karatu

Manyan ɗakunan karatu na jami'o'inmu, irin su na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, da na Ramat a Maiduguri, duk suna da sashen kayan karatu na intanet. Sai dai yawancin mujallun ba a cikin kwamfutocin jami'a suke ba. Suna rumbunan kamfanoni ne irin su Elsevier, mai shafin ScienceDirect, da Springer Nature da Wiley da Taylor & Francis, ko a hannun dillalai da masu adanawa irin su EBSCO da JSTOR. Ɗakin karatu haya yake biya, galibi shekara-shekara, kuma sharaɗin hayar shi ne ɗalibai da ma'aikatan jami'ar kaɗai za su amfana.

Kamfanin na tantance mai shigowa ne ta ɗaya daga hanyoyi uku. Ta farko ita ce lambar shaidar hanyar sadarwa, wadda ake kira adireshin IP. Jami'a kan miƙa wa kamfanin lambobin intanet ɗinta, duk wanda ya shigo da su a buɗe masa ba tare da tambaya ba. Ta biyu ita ce ƙofar tsakani da ɗakin karatu ke girkawa domin masu karatu daga gida. Fitacciya a cikinsu ita ce EZproxy, wadda aka ƙirƙira a 1999, akwai kuma irin su RemoteXs da MyLOFT. Mutum zai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ƙofar ta wuce da shi wurin kamfanin da lambar jami'a. Ta uku ita ce shiga kai tsaye a shafin kamfanin da shaidar jami'a, ta tsarin OpenAthens ko Shibboleth, inda mai karatu ke zaɓen sunan makarantarsa daga jeri.

Kusan kowane shafi yana nuna alamar ya gane mutum. Yawanci sunan jami'ar kan bayyana a saman shafin ko a gefe. Idan babu sunan, to shafin na kallon mai karatu a matsayin baƙo, kuma nan ya kamata bincike ya fara.

Ana cikin harabar jami'a amma ƙofa ta ƙi buɗewa

Zama a cikin ɗakin karatu ba ya nufin ana kan intanet ɗin jami'a. Wayoyi da yawa sukan koma kan datar MTN ko Airtel ko Glo da kansu da zarar Wi-Fi ya yi rauni, ba tare da mai wayar ya lura ba. Haka ma wanda ya jona kwamfutarsa da datar wayarsa. A idon kamfanin wallafa, wannan mutum ba shi da bambanci da mai zaune a kasuwar Kwari. Don haka matakin farko shi ne a kashe datar waya gaba ɗaya, a tabbatar an jona da Wi-Fi na jami'a, kuma an cika shafin shiga da yakan fito bayan jonawa.

Na biyu, a duba ko akwai manhajar VPN a kunne. 'Yan Najeriya da dama sun sauke irin wannan manhaja a lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma har yau tana nan a wayoyin wasu. Aikinta shi ne sauya lambar mutum zuwa ta wata ƙasa, sai ɗalibin da ke Samaru ya bayyana kamar yana Jamus. Burauzar Opera Mini, wadda jama'a ke so saboda tana rage cin data, ita ma takan bi da mutum ta rumbunan kamfaninta kafin ta kai shi inda za shi, lambar jami'a ta ɓace a hanya. Ga aikin ɗakin karatu, Chrome ko Firefox ko Edge sun fi dacewa.

Akwai kuma cikas da ba laifin ɗalibi ba ne. Wani sashe ko wata tsangaya kan sayi intanet ɗinta daban, kamar yadda wasu ke yi da Starlink tun bayan shigowarsa Najeriya a 2023, alhali lambobin wannan layi ba sa cikin waɗanda aka yi wa rajista. Ko kuma jami'a ta sauya kamfanin da ke ba ta intanet, lambobinta su canza, ba a sanar da kamfanonin wallafa ba. Alamar wannan ita ce mutane da yawa su kasa shiga a lokaci guda, daga gini guda ko daga harabar baki ɗaya. Gyaransa na hannun ɗakin karatu da sashen fasahar sadarwa, amma ba za su sani da wuri ba sai an gaya musu.

Shiga daga gida

Kuskuren da ya fi yawa ga masu karatu daga gida ko ɗakin kwana na wajen makaranta shi ne farawa daga Google. Wanda ya faɗo shafin kamfanin wallafa kai tsaye daga sakamakon bincike ya tsallake ƙofar jami'arsa. Daidai shi ne a fara daga shafin ɗakin karatu, a shiga da shaida, sannan a latsa sunan rumbun da ake so daga jerin da ke can. Inda ake amfani da EZproxy, adireshin da ke saman burauza kan sauya kama: ɗigogin da ke sunan shafin kamfanin su koma karan-ɗori, sunan jami'a ya biyo baya. Idan sunan jami'a ya ɓace daga adireshin ana tsakar aiki, an fita daga ƙofar ke nan, sai a koma a sake shiga.

Kuskure na biyu shi ne rikita asusu. Shafuka irin su ScienceDirect da JSTOR suna ba kowa damar buɗe asusun kansa kyauta, domin adana bincike da karɓar sanarwa. Wannan asusu shi kaɗai ba ya buɗe abin da jami'a ta biya. Maɓallin da ake buƙata shi ne wanda ke maganar shiga ta hannun makaranta, wanda a shafuka da dama aka rubuta masa "Access through your institution".

Idan ƙofar ta ƙi karɓar suna da kalmar sirri, a fara gwada su a wani wurin na jami'a, kamar imel ɗin makaranta, idan shaida ɗaya ake amfani da ita. In sun yi aiki a can, matsalar na ɓangaren ɗakin karatu. In ba su yi ba, wataƙila kalmar sirrin ta tsufa ko an kulle asusun bayan kuskure da yawa. A jami'o'i da dama damar shiga na rataye da rajistar zangon karatu. Wannan ya fi shafar ɗaliban digiri na biyu da na uku da suka gama darussa suka koma gida rubutu: wa'adin asusunsu kan ƙare ba su sani ba, daidai lokacin da suka fi buƙatarsa.

Shirin Research4Life na da nasa tsarin. Ya ƙunshi rumbuna biyar: Hinari na kiwon lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002; AGORA na aikin gona, 2003; OARE na muhalli, 2006; ARDI na ƙirƙira da fasaha, 2009; da GOALI na shari'a, 2018. An kafa shi ne domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wasu kyauta, wasu da kuɗi kaɗan. Cibiya ce ke yin rajista, shaidar shiga kuma a wurin jami'in ɗakin karatu ake karɓa. Dole a shiga ta shafin shirin tukuna kafin a wuce zuwa mujalla. Ko an yi haka, wata mujallar na iya ƙin buɗewa, domin kowane kamfani ne ke zaɓen ƙasashen da zai ba kayansa.

Lokacin da na'ura ce ke da laifi

Gwaji mafi sauƙi shi ne a buɗe tagar sirri ta burauza, wadda Chrome ke kira Incognito, a sake shiga tun daga farko. Idan abin ya yi aiki a can, to tsofaffin bayanan da burauza ta adana ne ke kawo cikas, musamman ƙananan fayilolin shaida da ake kira kukis. Sai a share su, a rufe burauzar, a sake buɗewa. Haka kuma idan shafin shiga na ta dawo da mutum baya bayan ya saka kalmar sirri daidai, sau da yawa burauzar ce aka saita ta ƙi karɓar kukis, ko wata manhajar toshe talla ke tare hanya.

Gargaɗin cewa haɗin ba shi da tsaro, wanda kan fito a kowane shafi, yakan samo asali daga agogon kwamfuta. Tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu sukan koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kashe su, sai burauza ta ga kwanan watan bai yi daidai da takardar shaidar shafin ba. Gyara kwanan wata da lokaci kan kawar da matsalar nan take.

Lambobin da kan bayyana a fuskar na'ura su ma suna magana. Lamba 403 na nufin shafin ya ƙi ba da izini, wato matsalar shaida ko toshewa. Lamba 404 na nufin mahaɗin ya mutu ko an sauya wa maƙalar wuri. A nan sai a nemo ta da lambarta ta dindindin, wato DOI, wadda ke farawa da 10, a saka ta a shafin doi.org. Lambobi 500 da 502 da 503 da 504 kuwa daga ɓangaren rumbun ne, babu abin da mai karatu zai gyara sai jira da kai rahoto.

Wani lokacin ma abin ya fi ƙarfin jami'a da kamfanin duka. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta taɓarɓare a ƙasashe da dama har da Najeriya. Kafin a zargi ɗakin karatu, yana da kyau a gwada wasu shafukan a ga ko suna buɗewa.

An gane mutum, amma maƙalar na kulle

Idan sunan jami'a ya bayyana a shafin amma har yanzu ana neman kuɗi, to maganar ta koma kan yarjejeniya. Biyan kuɗin wani rumbu ba ya nufin an sayi duk abin da ke cikinsa. Jami'a na iya ɗaukar mujallun kimiyya da likitanci na kamfani ta bar na zamantakewa, ko ta ɗauki fitowar wasu shekaru ta bar na baya. Dillalai irin su EBSCO kan jinkirta sabbin fitowar wasu mujallu, sau da yawa har tsawon wata 12. JSTOR kuwa ma'adana ce ta tsofaffin fitowa, yawancin mujallunta sukan tsaya shekara uku zuwa biyar kafin ta bana. Saboda haka maƙalar da ta ƙi buɗewa a wuri ɗaya tana iya kasancewa a buɗe a wani rumbun da jami'ar ke da shi. Jerin mujallu na shafin ɗakin karatu shi ke nuna wace mujalla ke ina, kuma daga wace shekara zuwa wace.

Littattafan intanet na da nasu sharaɗi. Wasu an saye su ne da izinin mai karatu ɗaya ko uku a lokaci guda, kamar dai kwafin da ke kan kanta. Idan aji guda ya yi wa littafi ɗaya caa ana gobe jarrabawa, saura sai su jira. Wasu kuma ba sa saukuwa gaba ɗaya sai da manhajar Adobe Digital Editions, kuma sukan kulle kansu idan kwanakin aro sun cika.

Sai kuma ƙarewar haya. Da dala ake biyan yawancin waɗannan rumbuna. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a Yunin 2023, dalar da a hukumance ba ta kai naira 500 ba ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kasafin da a da ke ɗaukar rumbuna uku da ƙyar yake ɗaukar ɗaya. Rumbun da ya yi aiki bara ya daina a farkon sabuwar shekara, mai yiwuwa ba a sabunta hayarsa ba ne. Tambaya ɗaya a ɗakin karatu ta isa ta tabbatar da haka, kuma a nan ne za a ji ko akwai madadinsa ta hanyar tallafin asusun TETFund ko wani shirin haɗin gwiwa.

Wake ɗaya mai ɓata gari

Kamfanonin wallafa na sa ido kan yadda ake sauke kayansu. Idan na'urorinsu suka ga an kwashi ɗaruruwan maƙalu cikin ɗan lokaci, ko ana sauke mujalla fitowa bayan fitowa, sukan toshe lambar da abin ya fito daga gare ta. Tun da dubban mutane ke fita da lamba ɗaya ta jami'a ko ta ƙofar tsakani, hukuncin kan hau kan kowa. Ɗalibin da ya saka kalmar sirrin ɗakin karatu a zauren WhatsApp da niyyar taimako yana iya jawo a rufe wa makarantarsa ƙofa ana tsakar rubuta kundi.

Shaidar ɗakin karatu haja ce da ɓarayi ke farauta. A Maris na 2018, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuhumi wasu 'yan Iran tara masu alaƙa da cibiyar Mabna da kutse a jami'o'i 144 na Amurka da wasu 176 a ƙasashe 21, inda ta ce sun kwashi bayanan da suka haura terabayit 31. Saƙon imel na yaudara ne babban makaminsu. Duk saƙon da ya ce asusun ɗakin karatu zai mutu in ba a latsa wani mahaɗi an saka kalmar sirri ba, a yi hattara da shi. A rubuta adireshin ɗakin karatu da hannu, ko a je a tambaya baki da baki.

Yadda ake kai ƙorafi mai amfani

Cewa "intanet ɗin laburare ba ya aiki" ba ya ba jami'i abin kamawa. Rahoton da ake iya aiki da shi ya ƙunshi sunan maƙala da mujalla da shekarar fitowa ko lambar DOI. Adireshin shafin da aka tsaya a kai. Hoton saƙon da ya bayyana. Ko ana cikin haraba ne ko waje, kuma a kan wane layi. Sunan burauza da irin na'urar. Rana da lokaci. Da abin da aka riga aka gwada. Kalmar sirri kuwa ba a saka ta cikin rahoto, domin jami'in kirki ba zai nema ba.

Idan jami'a ba ta da maƙalar

Ko an tabbatar babu ita a yarjejeniyar jami'a, da sauran hanyoyin halal kafin a taɓa aljihu. A Google Scholar, mahaɗin da ke nuna duk nau'o'in maƙala kan kai mutum ga kwafin da marubucin ya ajiye a rumbun jami'arsa. Manhajar Unpaywall, wadda ake liƙa wa burauza, tana yin wannan neman da kanta. Akwai PubMed Central ga fannin lafiya, da arXiv ga lissafi da fiziks da kimiyyar kwamfuta, da DOAJ mai jera mujallun da kowa ke karantawa kyauta tun 2003. Shafin AJOL, wanda ya fara a 1998, ya tattara ɗaruruwan mujallun Afirka, da yawansu na Najeriya. Masu karatu da Faransanci, kamar ɗaliban jami'o'in Nijar, suna da Persée da OpenEdition. JSTOR ma na ba mai asusun kansa damar karanta wasu maƙalu kyauta a kan shafin kowane wata.

Bayan waɗannan, akwai tsohuwar hanya: a rubuta wa marubucin. Adireshinsa na imel na nan a shafin farko na maƙalar, kuma masana da yawa sukan aiko da kwafi cikin farin ciki, tun da ba su da kaso a dalolin da ake karɓa. Jami'in ɗakin karatu ma na iya nemo ta daga wani ɗakin karatun.

Bin ƙofar jami'a na da wani amfani da ya wuce na mutum ɗaya. Kamfanoni kan ba ɗakunan karatu alƙaluman yawan abin da aka sauke da yawan lokutan da aka hana 'yan jami'ar shiga, kuma da waɗannan alƙaluma ake zama a yanke abin da za a sabunta da abin da za a bari. Ɗalibin da ya kasa shiga ya yi shiru, ko ya zagaya ta shafin sata, bai bar sawu ba. A takarda sai a ga kamar babu mai buƙatar rumbun, kuma idan kuɗi ya yi ƙaranci shi za a fara yankewa. Wanda ya taka zuwa teburin jami'in ɗakin karatu da hoton saƙon da ya tare shi ya nema wa kansa maƙala, ya kuma ba jami'in hujjar da zai kare rumbun da ita a zaman kasafi na gaba.